Nauyin 'Yan Kunnen Iliyasu Maƙeri

Iliyasu maƙerin farfaru ne, ba na babbaƙu ba, kuma in kana so ka ɓata masa safiya, ɗauki fartanyarka ka kai masa gyara. Zai dube ka, ya dubi fartanyar, sannan ya nuna maka hanyar masu ƙera garma da lauje, don ba ka kai ya ɗaga maka hannu ba. Shi aikinsa azurfa da tagulla: zobba, mundaye, awarwaro, 'yan kunne. A Kwarin Maje aka haife shi, wani ƙauye tsakanin Bici da Watari inda gonar wannan ke jingine da katangar wancan. Rumfar da yake zama a yau, a nan ubansa Muhammadu Sani ya zauna, kakansa ma haka.

Yana ɗan shekara bakwai aka ɗora shi kan zuga-zugi, kuma sai da ya shekara biyar yana zuga wuta kafin uban ya bar shi ya riƙe awartaki. Karatun da aka yi masa a rumfar nan ba shi da yawa, amma ya shiga har ɓargo: kaya a nauyinsa ake gane shi. Muhammadu Sani ba ya sallamar mai saye sai ya ɗora masa munduwa a tafin hannu ya ce, "Ji." In ka ji hannunka ya ɗan yi ƙasa, to ka sayi gaskiya. Abin da aka bar cikinsa fanko aka gyara masa baya kuwa, a gidansu sunansa ha'inci, ba shi da wani suna. Iliyasu da idonsa ya ga an kori wani maƙeri daga kasuwa ana binsa da ihu, saboda an sare awarwaronsa an tarar ba komai a ciki sai iska. Bai manta ba, kuma ba ya barin kowa ya manta.

A lokacin da sana'ar ke ci, ba a haɗa lefe a karkarar nan ba a biyo ta rumfarsa ba. Da an kai amfani rumbu, sai ka ga iyayen angwaye suna zuwa, wasu har daga Minjibir a kan keke. Da wannan aiki ya auri Barira, da shi ya yi gini, ya sayi 'yar gona kusa da ta gado, ya aurar da 'ya'ya shida. Mutum ne mai faɗa amma ba mai riƙo ba, in ya gama sababinsa shi zai fara miƙo maka goro.

Sai 'yan kunnen kanti suka shigo. Ka san su, waɗanda ake liƙawa a ɗan kwali a naɗe da leda, suna walƙiya kamar su yi magana, wata guda su koɗe a jefar a sayi wasu. Iliyasu ya ce gwangwani ne, ba za su shekara ba. To, sun shekara, sun kuma shekara, shi ne ma ya koma liƙin tukunya da ƙera ludayin alminiyon. Matan da iyayensu suka yi ado da aikinsa sai su wuce ta gaban rumfa su ce, "Baba, sannu da aiki," kunnuwansu na rawa da kayan wani gari.

Kada ka ce yunwa ce ke damunsa. Gero yana nan a rumbu, 'ya'ya suna aikowa. Abin da ke cinsa shi ne shekara uku ke nan ba macen da ta tsaya ta ce a ƙera mata ɗan kunne. Waɗanda suka sa aikinsa, wasu suna kabari, wasu sun jefa shi ƙasan akwati. Yakan zauna ya lissafa a ransa ko akwai mace ɗaya mai rai da ta wayi gari da aikin hannunsa a jikinta, sai ya rasa, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai. Gara ta cinye azarar rumfar har ta fara lanƙwasa, ya ce wa Barira, "Ranar da ta faɗi ba zan tayar ba. Wutar da ba mai jira me za a hura ta a yi?" Barira ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

'Yarsu ta uku, Tahira, malamar firamare ce a Bici, a can take aure. In ta taso daga makaranta tana shirya sarƙa da abin hannu na duwatsu tana sayar wa malamai 'yan'uwanta. Tana cikin wani zaure na waya da masu irin wannan sana'a suka buɗe, su kusan ɗari, mata da 'yan maza kaɗan, ƙarƙashin wata Hajiya Maimunat mai shagon kayan ado. Duk farkon wata Hajiyar kan ba da take, kowa ya je ya ƙirƙiro abin ado a kansa ya turo hoto. An yi "damina", an yi "ranar kasuwa", an yi "lalle". Waɗanda suka fi samun ƙuri'a a hoto sai a kira su gidanta a ga kayan ido da ido, wanda ya ci kuma a ajiye aikinsa a shagon.

Wata Asabar cikin kaka Tahira ta zo gida, ta zauna a bakin rumfar uban tana latsa waya. Ta ce, "Baba, taken wannan wata gero ne. Dubi abin da mutane suka fara turowa."

"Gasa a cikin waya? To, Allah ya ba da sa'a," in ji shi, bai ko ɗago daga tukunyar da yake liƙewa ba.

Ta dai kai masa wayar har hanci. Ya ja kai baya kamar yadda masu shekaru ke yi, ya ƙanƙance ido. Wata ta jera duwatsu rawaya manya-manya a zare. Wata ta yi wani abu mai baza kai. Iliyasu ya ajiye awartaki.

"Wannan fa?"

"Gero, Baba."

"Gero! Wannan ai masara ce, masarar ma wadda tsutsa ta ci. Wancan kuma dawa ce. Kai, jama'a! Mutum ya sha kunu tun yana goye, a ce bai san kamannin abin da ya raya shi ba? Wannan ko akuya aka nuna wa sai ta kau da kai."

Tahira ta danne dariya ta ce, "To ai ba su da mai nuna musu ne." Ta san ubanta sarai, ta kuma san inda ta taɓa.

Da la'asar aka gan shi a gona yana bin kunya-kunya, yana kama zangarniya yana saki, har ya sami wadda ta yi masa, cikakkiya mai tsinin kai. Ya yanko ta ya rataye a rumfa daidai idonsa. Sannan ya shiga ɗaki ya jawo wani gwangwanin madara da ya daɗe bai buɗe ba, inda ragowar azurfarsa take: tsofaffin sulalla da karyayyar munduwa ɗaya. Ita ke nan gare shi, ba wata.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan 'yan kunnen nan. Ya narka azurfar ya zuba sanduna biyu, kowace tsawon ɗan yatsa, tushe da kauri, kai da tsini. Sauran ya ja ta ta zama waya, ya yayyanka mitsi-mitsi, ya jera a kan gawayi ya bi su da wuta, kowane guntu ya dunƙule ya zama ƙwaya. Daga nan sai aikin haƙuri: ɗauko ƙwaya, ɗiga sinadari, liƙa a jikin sanda, ɗauko wata. Idonsa ba kamar da ba, sai ya riƙa jawo tabarma bakin rumfa yana bin rana. Ya lura ƙwayoyin gero ba a layi suke ba, cunkushe suke suna ture juna, na can sama kuma ƙanana ne ba su gama cika ba, duk sai da ya bi haka. Masu kawo liƙin tukunya ya ce su dawo wani mako. Barira kan kawo masa fura ta ajiye, ta dawo ta tarar ƙudaje ne kawai suka sha.

Ranar da ya gama ya wanke su da tsamiya suka yi fari tas. Ya ɗora su a tafinsa, hannun ya yi ƙasa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Rabonsa da irin wannan farin ciki har ya manta.

Tahira ta zo ta ɗauki hotonsu kusa da zangarniyar gaske ta tura. Kafin ta koma Bici wayar ta ishe ta da ƙara. Wannan ta ce masha Allah, waccan ta ce a ina maƙerin yake, wata ma ta rantse ba hannu ne ya yi ba, inji ne. Da Tahira ta karanta masa wannan, Iliyasu ya ce a gaya mata injin yana gaishe ta, shekararsa sittin da takwas. Ƙuri'a kam ba wanda ya ko kusa da shi.

Ranar haɗuwa ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan babur zuwa Bici da 'yan kunnen a ƙulle cikin ƙyalle a aljihun gaba, yana dafa su duk sanda aka faɗa rami. Mata suka cika tsakar gidan Hajiya Maimunat, shi da wasu maza biyu masu aikin fata aka shimfiɗa musu tabarma a soro. Tahira ta karɓi ƙullin ta shiga. Dokar zauren ita ce abin ado sai an sa shi, don haka duk kayan da ya kai wannan mataki, wata za ta sa ta zauna da shi har a tashi. Na Iliyasu Hajiyar ta ce ita da kanta za ta sa.

Yana soro ya ji guɗa ta tashi, ya gyara zama yana murmushi. Can kuma sai ya ji shiru. Ba a yi rabin sa'a ba sai ga Hajiya Maimunat ta fito, Tahira na biye da ita kai a sunkuye. Hajiyar ta durƙusa ta gaishe shi, 'yan kunnen suna hannunta, ba a kunnenta ba.

"Baba, shekarata ashirin ina sayar da kayan ado, wallahi ban taɓa riƙe aiki irin wannan ba. Amma ka yi haƙuri, kunne ba kafaɗa ba ne. Na daure, na daure, har na ji kamar ana ja min jijiyar wuya. Mutum uku suka gwada bayana, ba wadda ta kai minti goma."

"Azurfa ce zalla, Hajiya."

"Na sani, Baba, shi ne ma matsalar. Da za ka yi mana irinsa amma ka bar cikin ba komai, na yi maka alkawari ba zai kwana a shagona ba."

Iliyasu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. A ce masa ya yi fanko, a gaban mutane, a gaban 'yarsa! Ya san matar nan ba da wulaƙanci ta faɗa ba, ladabinta ma ya fi ƙona masa rai, don bai bar masa wurin faɗa ba. Ya karɓi kayansa ya ƙulle, ya ce, "A gidanmu ba a yi." Ya yi sallama ya fita. Gasar wata mai duwatsu ce ta ci, wadda geronta ya fi kama da masara.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. A rana ta uku da hantsi yana zaune a tsakar gida, Barira na surfen sabon gero, ya fara abin da ya saba in abu ya tsaya masa a wuya.

"Matan yanzu ragwaye ne, wallahi. Ɗan kunne ma ya gagare su ɗauka. Ke da na ƙera miki na aure, ai sun fi waɗannan nauyi. Shekara nawa kika yi da su? Kin taɓa cewa uffan?"

Barira ta tsayar da taɓarya. Mace ce marar yawan magana, shekara arba'in da uku suna tare bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta daɗi ba.

"Malam, yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi."

Ta ture ɗankwalinta ta gefen hagu. Fatar kunnen a tsage take gida biyu, tsohon tabo, ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Duk gidan an san labarin: Tahira ce tana jaririya ta kama ɗan kunnen uwar ta fizge. Har ta girma yayyenta suna tsokanarta da mai yaga kunne.

"Yarinyar nan ba ta taɓa ja min kunne ba," in ji Barira. "Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da su, huda tana buɗewa kaɗan-kaɗan. In na yi daka sai na ji har cikin kaina. Ranar da ya tsage ina sunkuye ne a bakin rijiya, shi da kansa ya sauka. Da na shigo gida jini na zuba ka tambaye ni, na dubi yadda kake ji da aikin nan, na ga yarinya a bayana ba ta da bakin musu, sai na ce ita ce."

Iliyasu ya ƙura wa tabon ido.

"Ba ni kaɗai ba ce," ta ci gaba, a hankali. "Kaltume ta gidan liman zare take ɗaurawa ta rataya ta saman kunne, ta rufe da ɗankwali. Mu duka mun san dabarar. Kai kana auna kaya a hannu, Malam, mu kuma a kunne muke ɗauka. Wa zai gaya maka? Kyau kam suna da kyau, ba a taɓa yin mai hannunka ba. Amma ranar da 'yan kanti suka zo, ba walƙiyarsu muka bi ba. Hutawa muka yi."

Ta mayar da ɗankwali ta ɗauki taɓarya. Shi kuwa kunya da tausayi suka rufe shi a lokaci guda. Shekara talatin da biyu matarsa ba ta sa ɗan kunne ba, matar maƙerin 'yan kunne, shi kuma yana can yana zargin zamani. Ya tuna duk tafin hannun da ya ɗora wa kaya ya ce "ji", ya ga kusan duk hannuwan maza ne, iyayen ango da kawunnai, waɗanda ba su za su sa ba. Ubansa bai yi ƙarya ba, ha'inci ha'inci ne. Amma wancan maƙerin da aka kora, ɓoyewa ya yi. In ka faɗa da bakinka, wa ka ha'inta?

Ya tashi ya tafi rumfa. Ya kwance ƙullin, ya daɗe yana kallon aikin kwana goma sha ɗaya, sannan ya jefa su duka biyun cikin kasko ya kama zuga-zugi. Wallahi sai da ya kau da kai lokacin da ƙwayoyin suka fara narkewa.

Wannan karon dukan azurfar ya yi ta yi har ta zama falle kamar ganyen albasa. Bai taɓa irin wannan aiki ba, ba wanda ya koya masa, sau huɗu fallen yana yagewa yana sake narkawa yana tsaki. A na biyar ya gane sai ya riƙa mayar da shi wuta tsakanin duka. Ya ɗora shi kan dalma, ya sami ƙusa ya dakushe bakinta, ya bi bayan fallen yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyin gero suka riƙa ɓullowa ta gaba. Ya naɗe shi a jikin siririn kara, ya liƙe gefen, ya zare karan. Na dama ya yi masa ƙugiya yadda aka saba. Na hagu ya fi ba shi wuya, don ba huda da za a sa shi, sai ya ƙera masa ɗan maƙali mai kama fatar kunne ta sama da tsagar, ya gwada a nasa kunnen ya fi sau goma, yana sassautawa har ya daina cizo. Abin da ya rage na azurfar zai yi wasu biyar irinsu.

Da ya ɗora su a tafinsa, hannun bai motsa ba. Ya ji wani iri, kamar ya yi sallama ba a amsa ba.

Ranar da ya gama, bayan azahar, ya same ta tana shiƙa a bayan ɗaki. Ya miƙa mata, yana kallon gefe kamar saurayi.

"Ga shi. Amma ki sani fa, fanko ne. Ba komai a ciki."

"Na ji, Malam."

"A'a, ina gaya miki ne don kada ki ce ban faɗa ba."

"Ka faɗa, na kuma shaida."

Ta goge hannu a zani. Hudar dama ta kusa toshewa, sai da ta shafa man gyaɗa ta lallaɓa kafin ƙugiyar ta shige. Na hagu shi ya sa mata da kansa. Ta girgiza kai sau biyu, ta ce sun yi, ta koma kan shiƙarta. Ba ta nemi madubi ba.

Iliyasu ya koma soro ya zauna, amma hankalinsa na cikin gida. Jira yake ya ga lokacin da za ta cire. Ta gama shiƙa, ta share wurin, ta ɗebo ruwa, ta hura wuta ta ɗora tukunya, yana leƙe ta kafar ƙofa kamar ɓarawon kaza. Aka kira la'asar. Ya ji ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin magudana, ya ji ƙarar ruwa tana wanke fuska da hannuwa. Da ta zo shafar kunne sai ruwan ya tsaya.

"Au!" in ji Barira, ita kaɗai. "Ashe suna nan."

Iliyasu ya sa hannun riga ya goge idonsa. Ya daɗe a zaune kafin ya iya tashi ya tafi masallaci, har ya rasa raka'a ɗaya.